Gona Goma Sha Biyu, Soja Ko Ɗaya Babu

Azumin bana da bargo muke tashi sahur. Da rana ma in ka daɗe a inuwa sai ka nemi rigar sanyi. Amma jiya a Gurda, nan cikin Sabha, na ji wasu samari biyu 'yan ƙasarmu suna kukan ƙishirwa tun azahar ba ta yi ba. Kowannensu da waya a hannu, kai a sunkuye, yatsu na rawa a kan gilashi. Na leƙa, ashe wasan yaƙi suke yi, kowa nasa, ba mai ce wa wani uffan. Dariya ta kama ni har mai shagon da nake sayen tiyo a wurinsa ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, wani azumi na tuna.

Wancan azumin a tsakiyar zafi ya faɗo, daidai da yankan dabino. Ina saurayi lokacin, ban cika shekara da zuwa Libiya ba. Wata takwas na farko a bakin titi na yi su, ni da shebur ɗina, cikin ɗaruruwan masu jiran aikin yini. Mota ta tsaya, mu ruga, a ɗauki biyu a bar sauran. Wata rana ka samu, kwana uku ka rasa, ka koma ɗakin da kuke kwana mutum goma sha ɗaya. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Mamman, shi ya tsamo ni daga nan. Shi ne babba a wata gonar dabino a Ghuddwa, kudu da Sabha, ya roƙi mai gonar, Haj Salim, ya ɗauke ni na lokacin yanka. Ranar da na ga katifa tawa ni kaɗai da famfon da ruwa ke zuba ba layi, sai da na yi hawaye a ɓoye.

Mu huɗu ne a gonar. Kawu, sai Laminu mutumin Damagaram, gwanin hawan dabino, sai Sanusi Bakano, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko da azumi, sai ni.

Da an sallame asuba muke fita, iska na da ɗan dama. Laminu ya ɗaura igiya a ƙugu ya haye, ya yanko nonon dabino ya sauko da shi a hankali, mu karɓa a ƙasa mu shimfiɗa a tabarmi. Ƙayar dabino ba ta san mai azumi ba, har yau da tabonta a damatsana. Wahalar da ta fi ita ce ta ɗanyen dabino da ya nuna ya yi laushi. Ya fashe maka a hannu, zumarsa ta bi yatsunka, ƙanshin ya cika maka hanci, kai kuwa ba damar lasa. Sai ka goge a wando kana istigfari. Kafin hantsi ya ɗaga rana ta fara dukan ƙeya. Idan iskar kudu ta taso, wadda suke kira gibli, ji kake kamar an buɗe maka bakin tanda. Harshe ya yi kauri, miyau ya ƙafe, maganar Sanusi ma ta koma gajeru. Ruwan sama kuwa, tun da na shigo ƙasar ban ga ɗigo ɗaya ba.

Ranar uku ga azumi Haj Salim ya zo duba dabino. Dattijo ne mai kirki, ya yi fataucin sahara da ƙuruciya, don haka yana jin Hausa irin tasa. Ya tsaya da Kawu, ina ɗaure kwando a kusa, na ji komai.

"Ya Mamman, bayan Salla dabino ya ƙare. Aiki kaɗan. Mutum uku bahi, mutum huɗu yawa."

Bahi a bakinsu shi ne ya yi daidai. Bai ambaci suna ba, kuma ba sai ya ambata ba. Ni ne na zo ƙarshe. Na ci gaba da ɗaure kwandona, amma na hango bakin titin nan da shebur. Tsoro na ji sosai, ba na ɓoyewa.

Daga azahar zuwa la'asar ba mai iya aiki. Nan ne azumi ya fi tsawo, barci ba ya zuwa saboda zafi, hira ba ta daɗi saboda ƙishi. A ɗakin ajiyar kaya akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, ta babban ɗan Haj da ya tafi Tarabulus ya bar ta. Sanusi ya taɓa tsaron gidan gem a Kano, shi ya kakkaɓe ta, ya jawo mata wuta daga ɗakin injin ruwa. Ta yi tari, ta yi nishi, ta kama. A ciki ya tarar da wani wasan yaƙi, ya yi ihu har Kawu ya zabura daga tabarma.

"Kai Bakano, mi ya hwaru? Wutar kuran ta ja ka?"

"Kawu, yau azumi ya zo ƙarshe da wuri. Ku matso ku ga duniya."

Wasan da Turanci yake, mu kuwa ba mu da shi, shi ma Sanusin nasa na kanti ne. Sai muka raɗa wa komai sunan da ya dace da shi. Kana farawa da babban gida ɗaya da leburori biyar, kewaye da kai duhu. Wasu ka tura su ramin zinariya, wasu su saro itace. Da waɗannan biyun kake gina bariki, ka fitar da soja, ka ɗaga jarumi guda wanda in ya mutu ana iya tashinsa. Duk inda mutanenka ba su taka ba ba ka ganin abin da ke wurin, abokin gaba yana can cikin duhun yana nasa shiri. Ba a jiran juna kamar dara. Kana tunani, shi yana tahowa.

Ƙabilu huɗu ne, kowa ya zaɓi tasa. Sanusi ya ɗauki wasu korayen ƙarti masu haure da gatari, waɗanda sojansu ɗaya ya yi biyun na kowa. Laminu ya ce dama Bakano ai sai abin da ya yi kama da shi, Sanusi ya ce Badamagare ya yi shiru manya na magana. Shi Laminu mutanen dawa ya zaɓa, masu baka da kibiya, waɗanda gidajensu itatuwa ne da ke iya tuge saiwa su yi tafiya. Abin da ya saye zuciyarsa shi ne suna ɗibar itace ba tare da sun sare bishiya ba. Mutumin da ke gaida dabino kafin ya hau shi, dole wannan ya burge shi. Matsalarsu ɗaya, rijiyoyi. Sojansu in ya ji rauni rijiya yake zuwa ya sha ya warke, ruwan shuɗi garau yana ƙyalli. Ranar farko da Laminu ya jera guda huɗu, duk muka yi tsit muna kallo, na ji maƙogwaron Sanusi ya motsa.

"Malam, wannan zalunci ne," in ji shi. "Ka rufe rijiyar nan ko in kashe wutar."

Ƙabila ta uku matattu ne, ƙasusuwa masu tafiya, duk inda suka yi gini ƙasa ta ƙone ta yi baƙi. Kawu ya hana kowa taɓa su. Ya ce ba a wasa da gawa, balle cikin watan nan. Saboda haka kullum su muke ba kwamfuta, su ne abokan gaba. Kawun nan da ya fara da cewa wannan aikin banza ne, kwana biyu ya jawo tabarmarsa gaban allon. Bai taɓa riƙe abin nan da Sanusi ke kira maus ba, shi kusu yake ce masa, amma daga kwance yake ba da umarni, carbi a hannu.

Ni ta huɗu na ɗauka, mutane irinmu, masu sulke da bango da hasumiya. Ba sulken ya ja ni ba. A cikin jerin gine-ginensu na ga wata 'yar bukka da shuka a gefenta, na tambayi Sanusi, ya ce gona ce. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Ranar da layi ya zo kaina, na zauna na gyara wuyan riga. Ni ɗan manoma ne, na san abin da ke riƙe gari. Duk zinariya da itacen da leburorina suka kawo, gona na zuba su. Na jera su layi layi, na bar hanya a tsakani yadda jaki zai wuce da kaya. Ɗaya, biyu, har goma sha biyu. Sanusi ya buɗe baki zai yi magana, Laminu ya taka masa ƙafa. Da na gama na ajiye lebura ɗaya a bakin kowace gona ta gaba, na naɗe hannu.

"Hamisu, me kake jira?" in ji Sanusi, yana danne dariya.

"Tsiro."

"Tsiro?"

"To, ba an yi shuka ba? In ta nuna in girbe, in cika rumbu, sannan in ɗauki soja. Wa ke tara mayaƙa rumbu wayam?"

Kawu ya gyaɗa kai daga tabarma. "Yaron ga ya yi hankali. Haka munka gada."

Muna cikin haka matattu suka ɓullo daga duhu. Ba ni da soja ko ɗaya. Suka bi gonakin nan ɗai ɗai suna rushewa, leburorina na gudu da gatari a kafaɗa. Sanusi ya faɗo daga kan buhu yana birgima, dariya ba sauti saboda maƙogwaro a bushe. Laminu ya riƙe ciki yana roƙon a bari, azuminsa zai karye. Ni kuwa raina ya ɓaci da gaske, na ce wace irin ƙasa ce wannan da ba a barin mutum ya ga amfanin gonarsa.

Da Sanusi ya dawo hayyacinsa ya nuna mini wasu lambobi biyu a saman allon.

"Sarkin noma, duba nan. Wannan bakunan da kake da su ne, wannan kuma bakunan da za ka iya ciyarwa. Gonar nan ba ta tsiro, ba a girbe ta. Aikinta ɗaya, kowace gona tana ba ka izinin ƙara baki shida. In lambar ta cika, ko zinariyarka ta kai dutse ba za a ba ka mutum ɗaya ba sai ka ƙara gona. Kai ka yi wa mutum saba'in wurin zama, ba ka gayyato kowa ba."

Aka sake fashewa da dariya. Ni ma na yi, sai maganar Haj ta faɗo mini. Uku bahi, huɗu yawa. Na saci kallon Kawu, na ga carbinsa ya tsaya.

Sunan Sarkin noma ya bi ni. Kwana biyar ana cin garina kullum, amma ina koyo. Na gane cewa in soja sun yi yawa zinariyar da ke shigowa raguwa take yi, Kawu ya ce ko a can ma akwai lanho, wato haraji. Na gane in an buga ƙararrawar babban gida leburori na ɗaukar makami su kare gari na ɗan lokaci. Sai ranar da gibli ta fi tsanani, muna zaune da jiƙaƙƙun rawuna a ka, matattu suka sake tahowa, ni kuma hasumiyata ko rabi ba ta kai ba. Cikin ruɗewa na ja kusu na kwaso leburori biyar gaba ɗaya na tura su kan ginin. Maimakon ɗaya ya yi aiki sauran su tsaya kallo, sai duk suka duƙa, guduma biyar na sauka tare. Hasumiya ta miƙe nan take ta fara harbi.

Sanusi ya saki baki. Korayensa ba sa haka, lebura ɗaya ke shigewa cikin gini har ya gama. Na matattu kira kawai suke yi gini ya fito da kansa. Bai taɓa sanin mutane na iya taruwa a kan aiki ɗaya ba.

Kawu ya tashi zaune, abin da ba ya yi kafin la'asar.

"Gayya! Wallahi gayya ce! Waɗanga mutanenmu ne, Hamisu. Sake, in gani."

Na sake da gona. Ta tashi kafin a ƙifta ido, lambar sama ta ƙaru da shida. Kawu ya daɗe yana kallon allon, ya koma ya kwanta. Garin ma an cinye shi a ranar, ba wanda ya kula.

A gabashin gonar Haj akwai wani fili da aka bari shekaru. Yashi ya binne hanyar ruwansa, ƙaya da busassun ganyen dabino sun rufe shi, gishiri ya yi ɓawo a sama. Mutum uku ba za su gyara shi ba ko a wata biyu, shi ya sa aka ƙyale shi. Washegari Kawu ya tari Haj a bakin mota, ya ce in aka buɗe filin kafin shukar sanyi, albasa da ciyawar dabbobi za su ba mutum ɗaya aiki shekara cur. Haj ya dubi filin, ya dubi rana, ya yi dariya.

"Azumi, zafi, ku mahaukata? Ku yi. Ni ban ce komai ba."

Kawu ya bi gonakin maƙwabta da ƙafa bayan la'asar, yana gaya wa 'yan gida cewa ɗan ƙanwarsa na da gayya ranar Juma'a. Wasu sun shekara goma ba su ji kalmar ba. Suka yi ta tsokanarsa, wace irin gayya ce ba fura ba tuwo a bakin gona. Ya ce tuwon na nan, sai dai rana ce za ta ba da izini.

Mutum goma sha shida suka zo bayan asuba, da shebur da kwanduna da baro biyu. Kawu ya hau tudun yashi ya raba aiki da harshen wasan nan, don ya riga ya shiga jininsa.

"Ku takwas, zinariya!" Ya nuna yashi. "Ku huɗu, itace!" Ya nuna ƙaya. "Bakano, kai ne ƙararrawa."

Baƙin ba su gane ba, mu uku muka mutu da dariya. Sanusi ya kifa bido, wato jarka, yana kaɗawa da sanda, yana yi wa kowa kirari da sunan garinsu, har wani ɗan Tawa ya yar da kwando ya taka rawa. Shebur na sauka tare, ƙura na tashi, gumi na bushewa a jiki ya bar farin gishiri. Ba mai kurɓar ruwa, sai dai a zuba wa juna a ka. Da rana ta fi ƙarfinmu muka watse ƙarƙashin dabino, aka tafi masallaci, bayan la'asar aka dawo. Ni aka ba ja wa hanyar ruwa layi, tunda gayyata ce. Na kafa turaku, na ja igiya, idanuna na ganin abu bibbiyu saboda yunwa, mutane na haƙa a bayana.

Da aka kira magariba muka zube a tabarmi. Dabinon da ya wuni yana mana gwalo muka fara da shi, sai ruwan randa. Kawu ya yanka kajinsa biyu, ya fito da kukar da yake ɓoyo tun daga gida, Laminu ya tuƙa tuwon garin alkama a babbar tukunya. Daga gidan Haj aka aiko da sharba, miyarsu mai ja, da hubza, burodinsu, mai zafi. Na ci abinci a wurare da yawa tun daga lokacin, ban ƙara jin daɗin loma kamar na ranar ba. Juma'a ta biyu suka sake dawowa, har da ƙarin mutum uku da suka ji labari. Kwamfuta ta huta kwanakin nan, don in mun kwanta da azahar ko yatsa ba ma iya ɗagawa.

Yanzu Kawu na gida, ya tsufa, jikoki na hawa kansa. Sanusi ya koma Kano, har yau in ya turo saƙon murya da Sarkin noma yake farawa. Kwamfutar ta mutu a bazarar da ta biyo, yashi ya cinye ta.

Jajibirin Sallar wancan azumin Haj Salim ya zo. Kayana na cikin buhu tun da safe, don ban so a ce in tafi in tsaya tattara tsummokara a gaban mutane. Ya taka filin daga farko har ƙarshe, hannu a baya, mu huɗu na biye. Ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza. Ya sa aka tada inji, ruwa ya shigo sabuwar hanya yana gudu, ya yi nisa, sai ya kai wani wuri ya tsaya ya taru, ya fara malala gefe. Haj ya tsuguna ya rufe ido ɗaya ya hango layin. Ni ma na hango. Tun daga tsakiya ya karkace kamar bayan tsohuwar akuya, duk wanda ke da ido zai gani.

"Wa ya ja wannan?"

Kawu ya buɗe baki, na riga shi. "Ni ne, Haj."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya dube ni sama da ƙasa, fuska a murtuke.

"Aiki babu kyau. Babu kyau sam. Mamman tsoho, Laminu yana dabino, wannan mai surutu ba ya iya komai. Wa zai gyara? Kai ka karkata, kai ka miƙe. Ba ka tafiya ko'ina sai ya miƙe."

Ya juya ya nufi mota, kafaɗunsa na girgiza. Sai da Sanusi ya ɗaga ni sama yana ihu sannan na gane abin da aka ce mini.

Tiyon da na saya jiya na wannan filin ne. Albasar bana ta yi kyau. Layin kuwa, na ɗan taɓa shi nan da can yadda ruwa zai wuce, amma har yau ban yarda na miƙe shi ba.